Yadda Ake Hango Yayin da Ke Tafe a Kasuwar Giya ta Gama-gari

Manyan kamfanonin giya na duniya, irin su AB InBev da Heineken da Carlsberg da Asahi, ba kasafai suke ƙirƙiro sabon abu da kansu ba. Abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne su tsinkayi abin da ya fara karɓuwa a wani ɗan lungu na kasuwa ko a wata ƙasa mai nisa, su rage masa kaifi yadda kowane harshe zai iya ɗauka, sannan su ɗura shi a miliyoyin kwalabe da gwangwanaye, su watsa ta hannun dillalan da suke da su tun da daɗewa. Wannan ɗabi'a tasu ce ta sa hasashe yake yiwuwa, domin abin da zai mamaye kasuwa nan da shekara biyar galibi yana nan a wani wuri yau, ana sayar da shi kaɗan-kaɗan, kuma ya riga ya bar sawu a dokar haraji da takardun jarin kamfanoni da alƙaluman ciniki. Masu buƙatar wannan hasashe suna da yawa, akasarinsu ma ba ruwansu da sha: akwai mai hannun jari, da ɗan jaridar tattalin arziki, da manomin sha'ir, da mai ƙera gwangwani, da jami'in haraji, da ma'aikacin lafiya da yake son sanin ta inda matsalar gobe za ta ɓullo. Hanyar aikin ɗaya ce ga dukkansu.

Ka fara da tantance abin da kake aunawa

Kafin komai, ka yanke wa kanka girman da abu zai kai kafin ka kira shi yayin gama-gari, saboda surutun da ake yi a kan sabon nau'i a mujallu da shafukan sada zumunta yakan ninka cinikinsa sau da yawa. Giyar ƙananan masana'antu masu zaman kansu a Amurka ta isa misali. An shafe fiye da shekara arba'in ana yabon ta, masana'antun sun haura 9,000, amma duk taron nan nasu bai wuce kusan kashi 13 cikin 100 na yawan giyar da ake sayarwa a ƙasar ba, ragowar kuwa tana hannun kamfanoni ƙalilan masu yin laga, wato giyar da ake tsimawa a wuri mai sanyi, mai sauƙin sha. Ma'aunin da ni nake amfani da shi shi ne abu ya kama kashi 2 ko 3 cikin 100 na kasuwar ƙasa guda, ya kuma riƙe wannan matsayi har shekara uku. Kana iya sa naka adadin, muddin ka rubuta shi tun farko, ba ka kuma taɓa shi ba bayan sakamako ya fito.

Sai kuma ka raba lissafin lita da lissafin kuɗi, domin sukan bi hanyoyi daban-daban. Ƙasar Sin ta zama kasuwar giya mafi girma a duniya tun 2002, yawan abin da take samarwa ya kai ƙololuwa a 2013, daga nan ya shiga raguwa. Wanda ya dubi lita kaɗai zai ce kasuwar ta tsufa, alhali ribar kamfanoni irin su China Resources, mai giyar Snow, ƙaruwa ta yi, don masu sha sun rage yawa sun koma ga mai tsada. Abin da Heineken ta hango ke nan da ta ƙulla yarjejeniyar mallakar kaso a wannan kamfani a 2018. Alƙaluman kantuna ana samun su daga kamfanonin binciken kasuwa irin su NielsenIQ da Circana, na ƙasa-ƙasa kuma daga IWSR da Euromonitor, sannan kamfanin BarthHaas na Jamus da Kirin na Japan suna fitar da rahoton shekara-shekara da kowa zai iya karantawa. Ka dai tuna cewa lissafin kantuna ba ya haɗawa da abin da aka sha a mashaya da gidajen cin abinci, kuma a can ne sabon abu yakan fara.

Ka tambayi tarihi ina kasuwar ta saba karkata

Idan ka jera manyan sauye-sauyen da suka ɗore, za ka ga dukkansu sun fuskanci alƙibla guda, wato sauƙin sha. A 1842 Josef Groll ya dafa laga mai ruwan zinariya a garin Pilsen na ƙasar Cek, a zamanin da akasarin giya take da duhu da kauri. Da injin sanyaya na Carl von Linde ya samu a shekarun 1870, kuma Emil Hansen ya ware tsabtataccen yisti, wato ƙwayar da ke tsima giya, a ɗakin binciken Carlsberg a 1883, sai wannan nau'i ya zama wanda za a iya yi a kowace ƙasa, a kowane lokaci na shekara, da ɗanɗano iri ɗaya. Har yau shi ne yake riƙe da mafi yawan kasuwar duniya. A 1975 Miller Lite ta bazu a faɗin Amurka da ƙarancin kalori, Coors Light ta biyo a 1978, Bud Light a 1982. A Japan, Asahi tana riƙe da kusan kashi 10 cikin 100 na kasuwa, Kirin kuma kusan 60, lokacin da Asahi ta fitar da Super Dry a 1987, giya marar nauyi wadda ba ta barin zaƙi a baki. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ta sha gaban Kirin a cinikin giya zalla. Michelob Ultra ta fito a 2002 da alkawarin ƙarancin sitaci da sukari, a daidai lokacin da ake yayin guje wa irin waɗannan abinci.

Daga wannan jeri ne za ka ciro tambayar farko da za ka yi wa duk wani sabon abu: wane cikas yake kawar wa mutumin da yake jan jiki daga sha, ko yake tsayawa a kwalba ɗaya? Cikasan sanannu ne, wato ɗaci, da cika ciki, da ƙiba, da maye, da tuƙi, da tsada. Abin da ya kawar da ɗaya daga cikinsu yana da damar zama na gama-gari. Abin da ya ƙara ɗaci ko ƙarfi ko farashi zai iya samun masoya masu tsananin kishinsa, har a riƙa ba shi lambobin yabo, amma da wuya ya fita daga da'irarsu.

Akwai wani darasi a labarin Miller Lite da ya kamata a tsaya a kai. Ba ita ce ta fara ba. Tun 1967 aka fitar da Gablinger's, wadda aka tallata a matsayin giyar masu son rage ƙiba, ta kuwa faɗi warwas, domin mazan da suka fi shan giya a lokacin ba sa son a gan su riƙe da abin da yake shelar suna tsoron tumbi. Miller ta ɗauki kusan wannan tunani, ta sa tsofaffin 'yan wasa majiya ƙarfi a tallanta, ta ce amfanin abin shi ne ba ya cika ciki. Kayan bai sauya sosai ba, dalilin da aka ba mai saye ne ya sauya. Don haka ka tanadi jerin kayayyakin da suka faɗi a shekaru goma ko ashirin da suka wuce, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: ɗanɗano ne ya kashe wannan, ko kunyar a gan ka da shi, ko farashi, ko kuwa ya zo kafin lokacinsa? Duk wanda abin da ya kashe shi ya gushe, to ya koma cikin 'yan takara. Giya marar barasa tana cikin irin wannan jeri, tunda Clausthaler tana kasuwar Jamus tun 1979, an kuma daɗe ana yi wa nau'in kallon abin sha na marar lafiya ko direba.

Ka karanta dokar haraji kafin ka kalli talla

A ganina wannan ne mataki mafi ƙarfi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wataƙila don karatun jadawalin haraji ba shi da daɗi. A ƙasashe da yawa haraji yana cin babban kaso na farashin kowace kwalba, saboda haka duk inda doka ta ja layi, kamfanoni za su yi cincirindo a gefen da ya fi arha, su kuma nemo wa kayan suna mai daɗin ji daga baya.

Japan ce makarantar wannan darasi. Dokarta tana sa haraji gwargwadon yawan tsirarren sha'ir da ke cikin abin sha, kuma a da sai ya kai kashi 67 cikin 100 ake kiran sa giya. A 1994 Suntory ta fitar da wani abin sha mai kashi 65, wanda ya faɗa rukunin da ake kira happoshu, wato abin sha mai kama da giya mai ƙarancin sha'ir da sauƙin haraji, jama'a kuma suka yi rububinsa. Gwamnati ta toshe wannan kafa a 1996, sai kamfanoni suka sauko ƙasa da kashi 25. Da aka sake ƙara haraji a kan wannan rukuni, sai ga wani nau'i na uku ya ɓullo wajen 2004, irin su Draft One ta Sapporo, wadda aka yi da sinadarin wake ba tare da tsirarren sha'ir ba ko kaɗan. Yayi uku ke nan a jere, kowanne ya ci kaso mai tsoka a kasuwa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya samo asali daga sha'awar masu sha. Daga baya gwamnati ta tsara haɗe harajin rukunonin uku a matakai, a 2020 da 2023 da Oktoban 2026, wanda ya karanta wannan jadawali tun ranar da aka sanar da shi kuwa ya san cewa kamfanoni za su mayar da ƙarfinsu kan giya ta asali, hakan kuma aka yi.

Birtaniya ta maimaita darasin a Agustan 2023, lokacin da ta koma sa haraji gwargwadon ƙarfin barasa, tare da rangwame ga duk abin da bai kai kashi 3.5 ba. Ba a jima ba Carlsberg ta sauke babbar lagarta daga 3.8 zuwa 3.4, wasu ma suka bi sahu. A Gabashin Afirka rangwamen haraji ga giyar da aka yi da amfanin gonar cikin gida ne ya haifar da Eagle Lager ta dawa a Yuganda a 2002, da Senator Keg a Kenya a 2004, da Impala ta rogo a Mozambik a 2011. Da Kenya ta ɗora wa Senator Keg haraji a 2013 cinikinta ya ruguje, bai kuma farfaɗo ba sai da aka dawo da mafi yawan rangwamen a 2015. Rasha ta fara lissafa giya cikin kayan barasa daga 2013, aka hana sayar da ita a rumfunan bakin titi, ciniki ya ƙara yin ƙasa.

Aikinka a nan shi ne ka samo jadawalin harajin ƙasar da kake nazari, ka zana duk layukan da aka ja, ko na ƙarfin barasa ne, ko na kayan haɗi, ko na girman masana'anta, ka kuma bibiyi ƙudurorin da ke gaban majalisa. Ka haɗa da dokokin tuƙi da na talla. Kirin Free, wadda ta fito a 2009 ba tare da ɗigon barasa ba, ta biyo bayan tsananta hukuncin tuƙi cikin maye da Japan ta yi ne a 2007. Irin waɗannan dokoki ana sanar da su da shekara ɗaya ko biyu kafin su fara aiki, ka ga ke nan Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ka bi kuɗin da aka binne a ƙarfe da gona

Abin da shugaban kamfani ya faɗa wa 'yan jarida ba ya ɗaure shi, amma injin da ya saya ya ɗaure shi shekaru. Don haka ka buɗe rahoton shekara na manyan kamfanoni, ka tsallake hotuna da jawabin shugaba, ka nufi sashen jarin gine-gine da injuna. Idan kamfani yana girka na'urorin cire barasa, ko ta tafasawa a ƙaramin zafi ko ta tacewa, idan yana ƙara layin ɗura siririn gwangwani, idan yana faɗaɗa masana'anta a wata ƙasa domin fitar da kaya waje, to ya riga ya kaɗa ƙuri'arsa, kuma zai kashe kuɗin talla ya tabbatar jarin bai tafi a banza ba. Faɗaɗa masana'antun da Constellation Brands ta yi ta yi a Mekziko bayan ta mallaki haƙƙin sayar da giyar Mekziko, Modelo da Corona, a Amurka a 2013 ya nuna inda aka dosa tun shekaru kafin sakamakon ya bayyana ga kowa.

Gona ma tana magana. Furen hop, wanda yake ba giya ɗaci da ƙamshi, yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin sabuwar gona ta ba da cikakken amfani, shi ya sa ake sayen sa da kwantiragin shekaru masu zuwa. Irin da manoman kwarin Yakima a Amurka da na Hallertau a Jamus suke ƙara shukawa, da irin da suke tumɓukewa, yana faɗa maka abin da masana'antu suke shirin dafawa. A Amurka kuma hukumar da ke kula da harajin barasa tana wallafa tambarin kwalaben da ta amince da su, galibi kafin kayan su iso kanti, wanda ya saba leƙa wannan rajista yakan ga sabon kaya tun yana takarda.

Akwai alamar da nake ba da shawarar a yi taka-tsantsan da ita, wato sayen ƙananan kamfanoni da manya suke yi. Da AB InBev ta sayi Goose Island a 2011 a kan kusan dala miliyan 39, alama ce ta farkon tafiya. Amma da Constellation ta biya dala biliyan ɗaya a kan Ballast Point a 2015, kowa ya riga ya sani, farashi ya wuce hankali, kuma a 2019 ta sayar da kamfanin da mummunar asara. A 2023 AB InBev ita ma ta sallama wa kamfanin Tilray tambura takwas. Ciniki na farko mai arha yana nuna abin da ke tafe, wanda ya fi kowane tsada kuwa yawanci yana zuwa ne dab da faɗuwar rana.

Ka ƙidaya masu sha, ka kuma dubi shekarunsu

Alƙaluman jama'a ba sa gaggawa, amma ba sa juyawa da baya. A tsakiyar 2023 Modelo Especial ta kere Bud Light a kuɗin cinikin kantunan Amurka. Jaridu sun danganta abin da ƙaurace wa Bud Light da wasu suka yi a watan Afrilu na wannan shekara, kuma lallai wannan ya gaggauta lamarin, sai dai tazarar ta daɗe tana tsukewa, saboda 'yan asalin Latin Amurka sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar, matasa sun fi yawa a cikinsu, kuma giyar ta riga ta tsallaka zuwa ga waɗanda ba su ba. A Jamus kowane mutum yana shan kusan lita 150 a shekara a tsakiyar shekarun 1970, yanzu abin ya sauko ƙasa da 90. A 2025 binciken Gallup ya samu kashi 54 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara yin wannan tambaya a 1939. Inda jama'a suke tsufa kuma suke rage sha, kamfani ba shi da mafita sai ya sayar da kaɗan da tsada, ko ya sayar da abin da ba ya bugarwa. Inda matasa suka yi yawa, aljihu kuma ba nauyi, fafatawar takan koma kan farashi da girman kwalba.

Ka kuma lura da abin da mutane suke son a gan su da shi. Madrí, wadda Molson Coors ta fitar a 2020 da suna da hoton birnin Madrid na Sifaniya, a Ingila ake dafa ta, amma cikin 'yan shekaru ta shiga sahun lagar da aka fi sha a mashayun Birtaniya. Ɗanɗanonta bai yi nisa da na sauran ba, abin da aka saya shi ne tunanin hutu a bakin Bahar Rum.

Ka bambanta mai ɗorewa da mai wucewa

A nan ne masu kuɗi da yawa suka yi asara, domin a shekarar farko mai ɗorewa da mai wucewa kamanninsu ɗaya. Giyar ƙanƙara, wadda ake sanyayawa har ta fara daskarewa a lokacin haɗa ta, ta ɓarke a Kanada a 1993 tsakanin Labatt da Molson, ta tsallaka Amurka, kowane kamfani ya fitar da tasa, bayan 'yan shekaru ta koma rukunin masu arha. Zima ta Coors, wani abin sha mai barasa garau kamar ruwa, ta yi tashe a 1994, ta yi ta dusashewa har aka daina yin ta a Amurka a 2008. Mafi kusa shi ne ruwan gas mai barasa da ƙamshin 'ya'yan itace: White Claw ta fito a 2016, ta yi tashin gwauron zabo a bazarar 2019, manyan kamfanoni suka yi caa a 2020 da irin nasu. A Yulin 2021 kamfanin Boston Beer, mai Truly, ya amsa cewa ya zuzuta hasashensa, hannun jarinsa ya zube da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a yini guda, daga baya ya zubar da miliyoyin katan da ba su sayu ba. Nau'in bai mutu ba, ya dai zauna a matsayin da bai kai abin da aka yi masa buri ba.

Ma'aunin da yake raba su shi ne dawowar mai saye. Sabon abu kowa yakan ɗanɗana sau ɗaya, kuma cika kantuna da kaya a karon farko shi kansa yana bayyana a littafin kamfani kamar ciniki, alhali kayan suna kan kanta ba wanda ya sha. Saboda haka ka raba yawan cinikin da yawan kantunan da ake sayarwa a ciki. Idan jimillar tana hawa amma cinikin kowane kanti yana sauka, to yaɗuwa ce kawai take ɓoye rauni. Haka nan idan tambura suna ninkuwa, kuma kowane wata sai an fito da sabon ɗanɗano kafin a riƙe masu saye, wannan alama ce ta cewa sabunta ake saye, ba kayan ba.

Wannan bincike ba ya bukatar ofis. Ka zaɓi manyan kantuna biyu ko uku, ka riƙa komawa duk wata, ka tsaya gaban firijin. Ka ƙirga layuka nawa aka ba sabon nau'in, a daidai ido yake ko an tura shi can ƙasa inda sai an sunkuya. Ka juya gwangwani ka karanta ranar da aka ɗura shi: idan ta wata uku ko huɗu da suka wuce ce, alhali maƙwabcinsa na makon jiya ne, ka san wanda yake tafiya. Ka duba ko ana sayar da shi a manyan katan, domin ba mai sayen gwangwani goma sha biyu na abin da yake gwadawa. Ka lura da takardar ragi, ko ta kwana biyu ce ko ta zama ta dindindin. Sannan ka ga wa aka ture aka ba shi wuri, saboda hakan zai nuna maka ko sababbin masu saye yake kawowa ko cinikin ɗan'uwansa yake ci.

Ka rubuta hasashen yadda za a iya kama ka

Hasashen da ya ce wani nau'i zai bunƙasa bai ce komai ba. Ka rubuta ƙasa, da adadi, da shekara, da kuma abin da idan ya faru za ka janye maganarka. Ka kuma hana kanka amincewa da ɗan takara sai ya tsallake aƙalla huɗu daga cikin tambayoyi biyar: yana kawar da cikas, haraji yana bayansa, an zuba jari a injinsa, alƙaluman jama'a suna tura shi, masu saye suna dawowa. Ka ƙara da sharaɗin da babu makawa a kansa, wato a iya yin sa a manyan tankunan da ake da su, ya kuma jure watanni a mota da sito ba tare da ya lalace ba.

Idan aka ɗora 'yan takarar yau a kan wannan sikeli, giya marar barasa ce ta fi nauyi. Tana kawar da maye da matsalar tuƙi da wani kaso na kalori a lokaci guda. A ƙasashe da yawa ba a biyan harajin barasa a kanta, ko ana biyan kaɗan, alhali ana sayar da ita kusa da farashin mai barasa, riba ke nan da kamfani ba zai kau da kai daga gare ta ba. Tana shiga inda aka rufe wa barasa ƙofa: a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 ita kaɗai aka sayar wa 'yan kallo a filayen wasa, kuma Corona Cero ce AB InBev ta sa a gaba da ta ɗauki nauyin wasannin Olamfik na Faris a 2024. Tun fitowar Heineken 0.0 a 2017 aka daina ɓoye ta a ƙarƙashin wani suna, aka riƙa sa mata babban tambarin kamfani, wanda ya rage kunyar riƙe ta. A Sifaniya ta haura kashi 10 cikin 100 na abin da ake sha, ka ga akwai shaidar cewa masu saye suna dawowa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa za ta kama kashi ɗaya cikin biyar na kasuwar duniya nan kusa ba. AB InBev da kanta ta ɗaura wa kanta burin kashi 20 cikin 100 na marar barasa da mai ƙarancin barasa kafin ƙarshen 2025, ba ta kai ko rabinsa ba, kuma a duniya baki ɗaya nau'in yana wajen kashi 2 ne. Akwai kuma matsalar sarrafawa, domin barasa tana kare giya daga ƙwayoyin cuta, idan aka cire ta sai an ƙara tsananta tsabta da dumamawa. Guinness 0.0 sai da aka janye ta daga kasuwa makonni kaɗan bayan fitowarta a 2020 saboda gurɓata, ta dawo a 2021. Wannan ne ya sa sayar da ita ta famfo a mashaya yake da wuya, tunda ganga tana iya daɗewa a buɗe.

Hasashena shi ne, kafin ƙarshen 2030 marar barasa za ta kai kashi 5 cikin 100 ko fiye a akasarin manyan kasuwannin Yammacin Turai, a Amurka kuma za ta tsaya ƙasa da haka, yayin da laga mai ƙarfin kashi 3 zuwa 3.5 za ta ƙaru a duk ƙasar da ta koma sa haraji gwargwadon ƙarfi. Zan janye rabin farko idan cinikin kowane kanti ya sauka shekara biyu a jere alhali tambura suna ƙaruwa, ko idan gwamnatoci suka shimfiɗa dokar hana tallan barasa a kan duk abin da yake ɗauke da tambarin kamfanin giya. Zan kuma ɗaga adadin idan na ga famfon marar barasa ya samu gurbi na dindindin a mashayu na yau da kullum a ƙasashe uku ko huɗu.